Daga Gizago Zuwa Inji: Tarihin Aikin Itace a Garinmu Jalingo

 

Abu biyu ne suka faru a mako ɗaya suka sa na ɗauki alƙalami. Na farko, turmin gidanmu ya tsage. Turmin nan da shi aka kawo mahaifiyata ɗakinta, Allah Ya jiƙanta, wato ya girme ni. Na shiga kasuwa wajen masu turame in sayi wani, na ɗaga wannan na ɗaga wancan, duk ba nauyi. Na ce wa mai sayarwa, “Baba, ƙirya nake so.” Ya yi dariya ya ce, “Malam, ƙiryar da za ta yi turmi ai sai an yi tafiya, kuma in na kawo ba za ka iya kuɗinta ba.” Na biyu, ana gobe Juma'a aka zo aka ce wani yaron unguwarmu da ke koyon kafinta inji ya cire masa yatsu biyu. Watansa uku kacal a shagon. Da na je duba shi na tambaye shi ko ya taɓa yanka katako da zarto, ya ce a'a, tun ran da ya je inji aka nuna masa.

Ni ba kafinta ba ne, kun sani. Sama da shekara 30 ina zaune a Kasuwar Jalingo ina sayar da ƙusa da kwaɗo da sakata da gulu, in liman ba ya nan in ja ku salla. Amma mai sayar da ƙusa yana ganin kafintoci fiye da yadda suke ganin kansu. Na san wanda ke sayen ƙusa kilo ɗaya ya gama ɗaki, na san wanda ke sayen kilo uku don ya rufe aibin aikinsa. Abin da na gani da idona, da wanda na ji a bakin tsofaffi, da ɗan abin da na karanta, shi zan jera muku.

Kafin zuwan zarto

Bahaushe ya san aikin itace tun kafin ya ji kalmar kafinta. Sunan sana'ar sassaƙa, mai yin ta masassaƙi, kuma a garuruwan ƙasar Hausa har sarauta gare su, Sarkin Sassaƙa, kamar yadda maƙera da magina da mahauta ke da nasu. Kayan aikinsu ba su da yawa. Gatari na sara, gizago na fere, sai ɗan ƙarfen rarake ciki da wuƙa, kuma duk maƙerin gari ne ke ƙera su. Shi ya sa maƙeri da masassaƙi ba sa rabuwa: wannan ya ƙera ruwan fartanya, wancan ya sassaƙa ƙotarta, kuma gawayin ƙirya da maƙeri ke hura wuta da shi daga dajin da masassaƙi ke shiga yake fitowa.

Ku duba gidan Bahaushe na da, ku ƙirga abin da ya fito daga hannun masassaƙi. Turmi da taɓarya, akushi, muciya, kujerar tsugunno ta mata, allon karatu, ƙotar gatari da ta lauje, ƙwarangwal ɗin sirdi, jikin ganga da kalangu, har makarar da ake ɗaukarmu a kai ranar ƙarshe. Yaro ya buɗe ido da allo, tsoho ya rufe ido a makara, duka itace.

Babban ilimin masassaƙi sanin itace ne. Ƙirya ita ce ta turmi da taɓarya, saboda tauri, kuma gara ba ta cika damunta ba. Aduwa ta allo, don tana yin santsi tana karɓar tawada, a wanke a sake rubutu shekara da shekaru. Marke na ƙota da ginshiƙi. Maɗaci da kawo na aikin da ake so ya daɗe ya kuma yi kyau. A bakin Binuwai, wajen Lau da Ibi, masunta kan rarake gungume ɗaya ya zama kwale-kwale. Giginya kuwa ita ake tsagawa a fitar da azara ta rufin soro. Wanda ya je Zariya ya shiga tsohon Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, tsakanin shekarun 1830 da 1840 da wani abu, zai ga bakan gizon da azara ke riƙe da shi a cikin ƙasa har yau. Ba ƙusa ko ɗaya ta kanti a ciki.

Masassaƙi ba ya haɗa katako da katako. Gungume ɗaya yake ɗauka ya yi ta cire abin da ba ya so har abin da yake so ya fito. In ya yi kuskuren sara ɗaya, ba gulu, ba ciko, aikin kwana uku ya tafi. Wannan ne ya koya musu natsuwa.

Yadda sana'ar ta iso nan

Garin nan namu ba tsoho ba ne in an gwada shi da Kano ko Katsina. Masarautar Muri Hammaruwa ne ya kafa ta, ƙanin Buba Yero na Gombe, wajen 1817. Jalingo kuwa sai zamanin Sarkin Muri Muhammadu Nya. A 1892 ya yaƙi Kona da taimakon wani sojan Faransa mai suna Mizon wanda ya zo da igwa ta kogin Binuwai, yaƙin da ya bar wa mutanen Kona tabon da har yau suna tunawa da shi. Sansanin da Sarki ya kafa kusa da nan shi ya zama gari a 1893, aka ba shi suna da Fillanci mai ma'anar nasara. Ya kamata 'ya'yanmu su san wannan, su san cewa mun tarar da mutane a ƙasar nan, Jukunawan Kona da Mumuye da Fulani da sauransu.

Kakanninmu sun yi ta zuwa ne da fatauci da almajiranci da sana'a, musamman a doguwar sarautar Sarki Muhammadu Mafindi, daga 1903 zuwa 1953. Kakana daga ƙasar Kano ya taso da jakuna, ya zo ya ga wuri ya zauna. Yakan ce abin da ya fara ba shi mamaki a ƙasar Muri itace ne. A can gida sai mutum ya nemi izini kafin ya taɓa bishiya a gonar wani, a nan kuwa ka fita bayan gari kaɗan ka shiga duhuwa.

Kuma ba mu ne muka kawo sassaƙa ƙasar nan ba. Mumuye na Zing da Yorro gwanaye ne tun asali, har abubuwan da kakanninsu suka sassaƙa suna ajiye a gidajen tarihi na Faransa da Amurka. Abin da suke sassaƙawa don al'adarsu daban, namu daban, amma a kasuwa an haɗu. Iyayenmu mata sun sayi turmi da kujera a hannunsu, su kuma sun sayi gishiri da kanwa da tufafi a hannun iyayenmu maza. Masassaƙin Bahaushe da ya zo daga arewa dole ya bi ɗan ƙasa ya nuna masa daji, don akwai itatuwan da bai taɓa gani ba.

Kafinta ya shigo

Kalmar kafinta daga Turanci muka are ta, haka cizal da sukwaya da falanki. Amma sana'ar ba ta Turawa ba ce su kaɗai. Mun karanta a Islamiyya cewa Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, jirgi ya haɗa da alluna da ƙusoshi. Ya zo a Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya aikin katako yake yi. Mumbarin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, mai matakala 3, wani yaron wata mata Ba'ansariya ne ya yi shi da itacen dajin Gaba kusa da Madina. Na kawo wannan ne saboda masu ganin kamar riƙe zarto ƙasƙanci ne ga ɗan gidan mutunci.

A Arewa, zarto da filen sun bazu ne da zuwan Turawa. A 1909 Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano, kuma a cikinta akwai sashen sana'o'in hannu da ake koyar da aikin katako tare da ƙira da dukanci. A 1911 layin dogo ya isa Kano. Jirgin ƙasa ya kawo kwanon rufi da ƙusa da katakon kudu, ya kuma kawo kafintoci Yarbawa da mutanen Saliyo da na Gwalkwas, Gana ta yau, waɗanda suka zauna a Sabon Gari. Ma'aikatar ayyuka ta gwamnati da ta En'e suka ɗauki yara suna koya musu yin ƙofa da taga da tebur da bencin makaranta.

Mu nan jirgin ƙasa bai taɓa zuwa mana ba. Hanyarmu ruwa ce. Da damina in Binuwai ta cika, jiragen kamfanonin Turawa kan hau har Ibi da Lau, su sauke gishiri da atamfa da kwano da ƙusa, su ɗauki gyaɗa da auduga da riɗi. 'Yan mishan ma, waɗanda suka fara zama a Wase a 1904 kafin su sauko Wukari da Ibi, sun koya wa yaran da suka shiga hannunsu aikin katako. Shi ya sa kafintocin farko da iyayenmu suka sani a garin nan yawancinsu ba Hausawa ba ne. Namu sun shiga ne daga baya, a matsayin yaran shago.

Bambancin kafinta da masassaƙi shi ne awo. Kafinta yana aiki da falanki da aka riga aka tsaga, yana yanka gunduwa-gunduwa yana haɗawa. Kafin inji, tsaga gungume aikin mutum biyu ne. A haƙa rami, a gicciya gungumen a kai, ɗaya a sama ɗaya a cikin rami, suna jan dogon zarto yini guda, garin katako na zuba a kan na ƙasa. Na tarar da wani tsoho a unguwar nan da ya yi wannan aikin da ƙuruciyarsa, ya ce wanda ya tsaga falanki da hannunsa ba ya yarda ko taƙi ɗaya ya lalace.

Bayan yaƙin duniya na biyu aka kafa babbar masana'antar katako da filawud a Sapele, filawud mai ƙafa 4 da ƙafa 8 ya shigo kasuwa. A nan jiharmu kuma aka kafa injin tsaga katako a Baissa, cikin kurmin ƙasar Kurmi. A tsaunin Mambila aka dasa itacen turare da yawa, wanda har yau ake yin rufi da shi. Ɗakin amarya shi ma ya bi zamani. Daga gadon kara aka koma gadon ƙarfe mai rumfa, daga nan gadon katako mai fomeka da madubi, sai kabet ta jera kwanuka, sai kujerun kushin. Kowane sauyi a ɗakin amarya abinci ne ga kafinta.

Yadda ake koyo a da

Lokacin da na fara zama a kasuwa, akwai wani dattijon kafinta da shagonsa ke kallon rumfata. Ya rasu, Allah Ya gafarta masa. Shekaru na yi ina kallon yadda yake rainon yara, kuma tsarinsa bai taɓa canzawa ba.

Uba ne ke kawo yaro da goro, a yi addu'a. Watannin farko yaro ba ya taɓa katakon mai kuɗi. Shara, ɗauko kaya, miƙar da lanƙwasassun ƙusoshi a kan dutse, da goge aiki da samfefa. Daga nan sai wasa kayan aiki. Dattijon nan yakan ce dakusasshen cizal ya fi mai kaifi yanka mutum, domin sai ka danna da ƙarfi, in ya zame kuwa hannunka zai samu. Yaro zai koyi wasa bakin filen a kan dutse da ɗan mai, ya koyi gyaran haƙoran zarto, wannan a karkata shi dama wancan hagu, don zarton ya buɗa wa kansa hanya kada katako ya matse shi.

Sai awo. Tef, sukwaya, fensir a bayan kunne. A auna sau biyu kafin a yanka, don abin da aka yanke ba ya komawa. In an haɗa ƙofa ko firam, a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, a sake auna ɗaya gicciyen, in sun zo daidai aiki ya miƙe. In babban aiki ne kamar rufi, a auna ƙafa 3 a gefe ɗaya, ƙafa 4 a ɗaya gefen, in tsakaninsu ya ba da ƙafa 5 kusurwa ta tsaya. Mutumin nan bai yi boko ba, amma wannan lissafin yana kansa.

Sai sanin jijiyar katako. Filen yana bin inda jijiya ta kwanta, in ka saɓa mata sai ta yi ta tsattsagewa. Sai haɗi: a huda rami a jikin katako ɗaya da cizal, a fere bakin ɗayan daidai ramin, a shafa gulu a buga su shige juna. Kujerar da aka yi haka jika zai zauna a kanta. Wadda aka yi wa ƙusa kawai, damina biyu ta fara rawa. Ni mai sayar da ƙusa ne nake gaya muku wannan.

Abu na ƙarshe, ba ya aiki da ɗanyen katako. Yakan jera falanki a inuwa, ya sa 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, ya bar su watanni. Ɗanyen katako in ya bushe a jikin ƙofa sai ya janye ya karkace, ƙofa ta ƙi rufuwa. Sau nawa na ga ya mayar wa mutum kuɗinsa saboda mutumin yana gaggawa.

Shekara uku zuwa biyar ake yi, sannan a yaye yaro. A tara kafintocin layi, a yi addu'a, oga ya ba shi zarto da guduma da filen. Mai son aikin gwamnati kuma ya je ya yi jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, daga mataki na 3 zuwa na 2 zuwa na 1.

Jiha ta zo, inji ya zo

A 1976 aka sa mu cikin Jihar Gongola, hedikwata Yola. Ran 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Taraba, Jalingo ta zama babban birni. Ina saurayi lokacin, kuma na ga abin da idona. Ma'aikata suka taso daga Yola da iyalansu, babu gidaje, babu ofisoshi, babu tebur. Kowa na gini. Magami, Mayo Gwoi, Sabon Gari, Nukkai, duk suka fara cika. Tu-bai-fo da tu-bai-tu masu ƙafa 12 suka zama kamar gishiri. A shekarun nan ne na samu jarin da nake juyawa har yau. Da aka buɗe Jami'ar Jihar Taraba a 2008 aka sake wani sabon gini na ɗakunan haya.

Aiki ya fi ƙarfin hannu, sai inji ya shigo. Injin tsagawa, injin gogewa, injin huda, injin fitar da ado a bakin katako, da janareto saboda halin wutarmu. A daji kuma injin sarƙa ya maye gurbin gatari da dogon zarto. Bishiyar da mutum biyu za su kwana uku a kanta, ofareta ɗaya ya kayar ya tsaga kafin azahar. Ba na zagin inji. Ya sauƙaƙa wahala, ya sa talaka ya iya sayen gado da ƙofa, ya ciyar da gidaje da yawa a unguwar nan.

Abin da ya lalace shi ne koyo. Gwamnati ta so ta gyara tun 1982 da tsarin 6-3-3-4, inda aka ce kowane yaro a ƙaramar sakandare ya taɓa aikin katako da na ƙarfe. An shigo da injuna daga Turai, amma a makarantu da yawa a faɗin ƙasar nan sun ruɓe cikin akwatunansu, ba wuta, ba malami. Hukumar samar da aikin yi ta NDE ta zo a ƙarshen shekarun 1980 da shirin kai matasa wajen masu sana'a. Akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a nan garin. Duk da haka yawancin yaranmu a shagon oga suke koyo, kuma ogan yau yana da odar da zai kai jibi. Ba shi da lokacin koya wa yaro wasa cizal. Yaron ma ba ya son shekara uku, yana ganin abokinsa mai Keke yana dawowa da kuɗi kullum.

To inji ba ya da haƙuri da jahili. Zarto in ya taɓa yatsa za ka ji ka tsaya, faifan inji kafin ka ji ya gama. Tsofaffin kafintoci sun gaya mini abubuwan da suka fi jawo rauni, kuma ina roƙon iyaye su karanta wa yaransu. Kada a cire murfin da ke kan faifan. Kada a tura ƙaramin katako da hannu, a tura da sanda. Kada a tsaya gaban inji da riga mai faɗin hannu. A zare waya daga soket kafin a canja faifai. In an ɗauke wuta a kashe makunni nan take, don wutar nan ba ta sallama in za ta dawo, kuma abin da ya samu yaronmu ke nan: yana share garin katako a bakin faifan aka kawo wuta. Kada a ɗaura faifan zarto a injin gurza ƙarfe, ko da oga ya ce haka ake yi. A rufe hanci da ido, domin ƙurar allunan zamani da ake matsawa da gam tana cutar da ƙirji.

Shekarun Madrid

Babu wanda zai rubuta tarihin itace a Taraba ya tsallake Madrid. Itacen nan mu madobiya muka san shi, mai jan ciki, wanda Fulani ke sassabo wa shanu ganyensa da rani. Wajen 2013 zuwa 2014 sai ga 'yan kasuwa suna nemansa ido rufe, saboda a ƙasar Sin ana yin kujeru da gadaje masu tsadar gaske da shi. Bali, Gassol, Gashaka, Kurmi, ko'ina injin sarƙa ke kuka. Garba Chede ta zama tashar gungume, tireloli na ɗauka zuwa Legas dare da rana.

Kuɗi ya shigo, ba ƙarya. Yara sun sayi babura, wasu sun yi aure, wasu sun bar makaranta da shagon koyo sun shiga daji. Wasu gungume ya danne su wajen lodi, mun yi musu salla. Mu 'yan kasuwa ma mun ci ribar lokacin, kada mu ɗora wa wasu laifi mu wanke kanmu. A 2016, a taron da aka yi a Johannesburg ta Afirka ta Kudu, aka sa madobiya cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya. Amma kafin nan manyan sun tafi. Bishiyar da ta yi shekaru masu yawa tana girma, mun sayar da ita ɗanya, wasu can suka yi aikin hannu a kanta suka ci ribar. Da an bar ko kashi ɗaya a hannun kafintocinmu masu horo, da wani labarin ake yi.

Da madobiya ta yi wuya aka koma kan sauran, ga kuma masu gawayi. Yau kafinta na aiki da malaina da duk farin itacen da ya samu, rabinsa ɗanye. Mu da muke zuwa maƙabarta mun san wani abu kuma: itacen da ake jerawa a rufe kabari, wanda da yara ke saro shi a bayan gari kyauta, yanzu saye ake yi, kuma akwai ranar da muka tsaya da gawa muna jiran a kawo shi.

Abin da ya rage a hannunmu

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shawarata uku ce, kuma ba wadda ke buƙatar gwamnati.

Ta farko ga iyaye. In za ka kai ɗanka koyon kafinta, je da ƙafarka ka ga shagon. Ka yi magana da ogan a gaban shaidu cewa yaro ba zai taɓa inji ba sai ya iya awo, ya iya wasa kayan aiki, ya iya yanka miƙaƙƙen layi da zarto, ya haɗa ko da benci ɗaya da hannunsa. Ka riƙa ba yaron ɗan kuɗin abinci don kada yunwa ta kore shi kafin ya ƙware.

Ta biyu ga kafintocin unguwa. Akwai dattawa biyu ko uku a cikinmu da suka yi zamani da filen da cizal, akwai kuma tsoho ɗaya da har yanzu gizagonsa na rataye a zaure. Ƙarfinsu ya ƙare amma iliminsu na nan. Rumfar da ke gefen masallaci babu kowa a cikinta ranar Alhamis da Juma'a da safe, lokacin da babu makarantar allo. In kwamitin masallaci ya amince, a sa benci biyu a ciki su riƙa nuna wa yara. Ni na ɗauki nauyin zarto 5 da guduma 5 da ƙusar da za a yi koyo da ita. Benci da allunan da suka yi, makarantar Islamiyyarmu za ta saya.

Ta uku gare mu duka. Manzon Allah ya kwaɗaitar da dasa itace, ya nuna cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare shi sadaka ce ga mai dasawa. Daminar bana kowane gida ya dasa ɗaya, maɗaci ko darbejiya ko mangwaro, a kewaye shi saboda awaki. Masu gona a bayan gari, in kun tarar da 'yar ƙirya ko madobiya ta tsiro, ku kewaye ta da garma ku bar ta.

Yaron da ya ji rauni yana samun sauƙi, kuma ya ce zai koma sana'arsa. Na yi masa alkawarin shi ne na farko da zai zauna a bencin rumfar masallaci. Turmi kuwa na sayi wanda na samu, tsohon na ajiye shi a zaure don yara su ɗaga su ji nauyin ƙirya.

Wanda ya san wani abu da na manta ko na kuskure, musamman dattawanmu, ya same ni a rumfa ko bayan sallar la'asar a gyara a fitowa ta gaba. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya tsare hannuwan 'ya'yanmu, Ya zaunar da Jalingo da Taraba lafiya.